Shaidar Gora a Kan Ƙuri'a

A wata tungar masunta da ke bakin gulbin Rima, tsakanin Argungu da Augie, an yi wani mutum mai suna Dankure. Shi ne babban masuntan wurin, kuma a harkar ruwa ba mai raina shi. Aibinsa ɗaya ne, amma ya ishe shi: ba ya yarda da abin da idonsa bai gani ba. Ko ɗan'uwansa ne ya ce ya ɗaure masa kwale-kwale, sai ya koma ya taɓa igiyar da hannunsa. Mutanensa suna son sa har zuciya, shi kuwa kullum gani yake ana ƙulla masa wani abu a bayan ido.

A shekarun ƙarshe na mulkin Turawa, zaɓe a ƙauye abu ne na fili. A tara magidanta a dandali, a kira sunan ɗan takara, kowa ya ɗaga hannu, malami ya ƙirga. Wannan tsari ya yi wa Dankure daidai. Sau biyu ana zaɓensa ya wakilci yankin a majalisar gunduma, kuma duk sau biyun a kan turmi ya tsaya yana duba hannuwa. Wanda nasa hannun ya yi jinkirin tashi, sai ya shekara yana shan gori.

Kujerar nan ba ta ado ba ce. Bayan tungar akwai wani babban tafki, wanda ruwan gulbi ke shiga ta wani mashigi idan an yi ambaliya, ya shigo da kifi. Da rani, daga tafkin nan kowane gida ke ci. Manoman shinkafa na ƙauyukan da ke kusa sun daɗe suna neman majalisa ta yarda a toshe mashigin da ganuwa, don ruwan yana cinye musu gonaki. Su ma suna da gaskiyarsu. Muddin Dankure na zaune a majalisa, maganar ba ta wucewa. Manoman suka tsayar da nasu, wani mai suna Hammadu, amma masunta sun fi su yawa, don haka ba wanda ya damu.

Ana nan sai sanarwa ta zo cewa za a canza dokar zaɓe. Wanda ya kawo bayanin ma ɗan tungar ne, Hodi, ɗan ƙanwar Dankure, magidanci mai koyar da yaƙi da jahilci. An kira shi da sauran malamai Birnin Kebbi, sun yi mako guda ana koya musu sabon tsari, don su dawo su bayyana wa jama'a. Hodi ya tara mutane bayan la'asar ya yi musu dalla-dalla. Ya ce an daina ɗaga hannu. Kowane magidanci zai je a rubuta sunansa tun da wuri. Ranar zaɓe za a ba shi 'yar takarda, ya shiga bayan zana shi kaɗai, inda aka jera akwatuna, kowane da alamar ɗan takara, ya jefa a wanda yake so ya fito. Ya kuma nanata abu ɗaya har sau uku: kada kowa ya yi zane ko rubutu a takardar, don duk wadda aka ga wata alama a kanta da za ta nuna mai ita, za a jefar da ita.

Mutane suka watse suna murna, Dankure kuwa ya koma gida ransa a ɓace. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne zanar nan. Yaya mutum zai shige bayan zana ya yi abin da ya ga dama, ya fito yana yi masa murmushi? Ya fara lissafa waɗanda yake zargi. Na farko a cikinsu wani dattijo ne, Maliki, wanda 'yarsa ke aure a ƙauyen Hammadu. Daga Maliki zargin ya bi gida-gida, har ya rasa wanda zai ware.

Masunta suna da wata al'ada. Kowane gida yana da shaidarsa da ake ƙonawa a jikin gora, wato babbar ƙwaryar da ake hawa a ruwa, don idan goruna sun cakuɗe ranar kamun kifi kowa ya gane nasa. Wani tsaga biyu ne, wani ƙafar kaza, wani da'ira da ɗigo. Dankure ya san su duka a ka. Sai dabara ta faɗo masa, kuma ya ga kansa ya fi Turawa wayo. Ya bi magidanta ɗaya-ɗaya, ya ce kowa ya shiga da guntun gawayi a aljihu, ya zana shaidar gidansa a bayan takarda kafin ya jefa. Tunda doka ta yarda ɗan takara ya tsaya wurin ƙirga, zai ga wanda ke tare da shi da wanda ya ci amana.

Da labari ya kai ga Hodi, ya tafi ya same shi a bakin ruwa yana gyaran homa, ragarsa ta kamun kifi. Ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya ce, "Kawu, abin ga da kac ce a yi, ɓata ƙuri'u za shi yi. Da kunnena nij ji, kuma na hwaɗa gaban kowa."

Dankure bai ko ɗago ba. Ya ce, "Wa za shi tsaya duba bayan takarda? Kwana bakwai kay yi Birnin Kebbi, ka dawo kana koya man mutanena. Ko kai ma Hammadu ya gama da kai?"

Maganar ta yi wa Hodi zafi ƙwarai, amma bai yi zuciya ba. Ya bi gidaje yana roƙon mutane su bar gawayin nan. Sai dai Dankure ya riga ya ce duk wanda bai ga shaidarsa ba, ya san matsayinsa. Mutane suka shiga tsakanin biyu. Yawancinsu ba tsoro ne ya ja su ba, so suke ya gani da idonsa cewa ba su yaudare shi ba. Maliki da kansa ya ce wa Hodi ya gaji da kallon da ake yi masa, zai zana tasa shaidar da girma yadda ko makaho zai shafa ya ji.

Ranar zaɓe ta zo, aka yi lafiya. Akwatin Dankure da alamar kifi, na Hammadu da alamar zangarniyar shinkafa. Washegari da hantsi aka buɗe akwatuna a Argungu, gaban Baturen zaɓe da malamai da 'yan takara. Aka fara da na Hammadu, aka sami ɗari da sittin da uku. Da aka juye akwatin kifi, tulin ya fi wancan nesa ba kusa ba, Dankure har ya fara gyara zaman hula.

Sai wani malami ya juya takarda ɗaya, ya ga baƙin zane. Ya juya ta biyu, ya juya ta uku. Ya miƙa wa Bature, aka buɗe littafin doka aka karanta, aka fassara. Daga nan aka shiga ware su gefe guda, a hankali, a gaban idon Dankure. Yana tsaye yana gane su ɗaya bayan ɗaya. Ga tsaga biyu, ga ƙafar kaza, ga ta maƙwabcinsa da Dankure ya yi wata uku ba ya amsa masa gaisuwa. Ga ta Maliki, ta cika bayan takardar. Duk gidan da ya zarga, shaidarsa na nan. Ɗari biyu da huɗu aka jefar. Goma sha ɗaya kaɗai suka tsira, na Hodi da 'yan tsirarun da suka ji maganarsa, waɗanda Dankure ya riga ya sa wa sunan maciya amana.

Ya roƙa, ya ce ai ga mutanen nan a waje, a kira su su ɗaga hannu a gani. Aka ce masa wannan zamanin ya wuce. Da ya fito, jama'arsa na zaune a inuwa suna jira, don tun asuba suka tako. Ba wanda ya zage shi. Maliki ne kawai ya tashi ya matso, ya ce, "To, Dankure, ka ga tawa?"

Ya ce ya gani.

Maliki ya ce, "Madalla. Abin da kaka so ke nan." Ya ɗauki sandarsa ya kama hanya.

Kafin damina ta zagayo majalisa ta amince, aka toshe mashigi. Shekarar farko tafkin ya ja baya, ta biyu ya zama tabo, ta uku aka shuka shinkafa a cikinsa. Gidaje suka riƙa tashi, wasu suka gangara Illo, wasu Yawuri, wasu suka koma ƙwadago a gonakin mutanen da a da suke sayar wa kifi. Hodi ya ɗauke uwarsa ya koma Birnin Kebbi. Dankure bai tafi ko'ina ba, kunya ba ta bar shi ya bi su ba. Ya tsufa a tungar da ba ta kai gida goma ba, kuma har ya rasu ba a ƙara jin ya ɗaga murya a taro ba.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Idan doka ta canza, a tsaya a saurari wanda ya san ta, ko da ɗan cikinka ne, kada girman kai ya sa mutum ya auna sabon tsari da tsohuwar dabara. An sa zana a wurin zaɓe ne don kowa ya zaɓa tsakaninsa da Allah, kuma shugaban da ya nace sai ya leƙa zuciyar mutanensa, zai iya rasa su alhali suna tare da shi. Dankure yana da jama'a, yana da rinjaye, rashin yarda kaɗai ya kayar da shi, kuma ba shi kaɗai ya ɗanɗana kuɗarsa ba. Allah ya raba mu da zargin waɗanda ke ƙaunarmu.