Wayoyi Biyu a Ƙarƙashin Taragon Gawayi

Akwai wani mutum a nan garinmu na Kurseong, sunansa Prabin Subba, wanda har gobe idan aka kunna fitilar ƙaramin jirgin ƙasan da ke lambun gidansu sai ya kawar da kai. Ku da kuke bibiyar wannan shafi, bari in gaya muku dalili.

Mahaifinsa, tsoho Harkabir, ya yi shekara talatin da huɗu yana gyaran kan jirgin ƙasan da ke hawa duwatsunmu. Da ya ajiye aiki, hannunsa ya ƙi zama wuri ɗaya. Sai ya fara ƙera nasa kan jirgin a baranda, mai tsawon hannun babban mutum, da taragon gawayi a bayansa.

Komai da hannu ya yi: tukunyar tagulla, ɗakin direba na katako, har injin da ke juya ƙafafun shi ya naɗa wayarsa zagaye bayan zagaye. Shekara tara aikin ya ci. Ya shafa masa shuɗin fenti, ya shimfiɗa masa dogo a lambun bayan gida, da 'yar gada, da 'yar tasha mai fitilu.

Wutar jirgin ta cikin dogo take bi. Tiransifoma a baranda tana ba ƙarfen wuta, ƙafafun jirgin su ɗauka su kai wa inji. To amma kun san daminarmu. Ana yin ruwan kwana biyu gansakuka za ta rufe ƙarfe, jirgi ya ɗan gusa ya tsaya. Shi ya sa kullum da safe tsoho yake durƙusawa da tsumma yana bin dogon nan yana gogewa.

A hankali gwiwa ta gaji. Sannan ido ya biyo baya. Likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma ɗan ganin da ya rage da wuya ya kai wata daminar.

Manju, babbar 'yarsa da ke zaune tare da shi, ita ta kira Prabin a waya. Prabin shi ne auta. Yana aikin lantarki a birnin Siliguri, yana da digiri a fannin, kuma ba ya barin kowa ya manta da hakan.

"Baba ba ya iya durƙuso yanzu," in ji Manju. "Wata uku ke nan jirgin bai motsa ba. Yana so ya ga ya zaga lambun a babban bikin Dashain na bana, tun idon yana gani."

"Wannan ai ƙaramin abu ne, Yaya," in ji Prabin. "Batir zan sa masa da rimot. Ba goge dogo, ba durƙuso. Yana zaune a kujerarsa zai tuƙa abinsa."

Niyyar tasa mai kyau ce, wannan ba wanda zai musa. Saura kwana huɗu biki ya iso da jakar kayan aiki, ya ɗora jirgin a kan teburin baranda, ya kwance shi.

Aikin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya sani. Za a raba injin da dogo gaba ɗaya, a yanke duk wayar da ke ɗauko wuta daga ƙafafu, a sa batir a cikin tarago, a haɗa shi da na'urar da ke karɓar umarnin rimot. Waya ɗaya idan ta rage tsakanin dogo da batir, an gayyato masifa.

Tsoho ya jawo kujera ya zauna kusa, yana ƙanƙance ido.

"Auta, kafin ka sa batirin nan, bari in nuna maka wani abu a taragon."

"Baba, na gani. Wayoyi huɗu ne daga ƙafafun kan jirgi, ga su nan na yanke su."

"Ba waɗannan ba. Shekarar da fitilar gaba take ƙifta ido a kwana, sai na..."

"Fitilar ma canza mata ƙwai zan yi. Ka sha shayinka kada ya huce."

Tsoho ya kurɓi shayin. Can ya sake gwadawa. "Da dai ka ɗaga katakon ƙasan..."

Prabin ya ajiye filaya ya yi dariya, irin dariyar da ake yi wa ƙaramin yaro. "Baba, ku da gawayi da tururi kuka yi aiki. Wannan kuma fannina ne. Ni na taɓa koya maka yadda ake hura tukunyar jirgi?"

Manju da ke tuyar sel roti, wainar shinkafar biki, a kicin ta leƙo. "Kai dai Injiniya, kunnenka ado ne? Bar shi ya ƙarasa maganarsa mana."

"Yaya, idan na tsaya sauraron tarihin kowace ƙusa, sai Dashain ɗin baɗi mu gama."

Harkabir ya ɗauki kofinsa ya koma ɗaki. Mutum ne da ba ya maimaita magana sau uku, ko a wurin aiki haka aka san shi.

Ga abin da yake so ya faɗa. Shekarun baya ya jawo wasu siraran wayoyi biyu daga ƙafafun tarago, ya bi da su ta ƙarƙashin katakon ƙasa, ya haɗa su da wayar fitila da ta inji a can cikin tukunya. Ya ɓoye su da kyau don kada su ɓata fasali. A kan wannan katakon Prabin ya zaunar da batirinsa.

Da aka gwada, abu ya yi kyau. Tiransifoma a kashe take, dogo babu wuta, jirgi ya zaga lambu sumul a kan gansakuka da komai. Prabin ya ɗauki hoto ya tura wa abokan aikinsa.

Ranar biki gida ya cika da dangi. Gajimare ya sauko har cikin lambu kamar yadda ya saba, rana ta dusashe. Aka fito da kujerar tsoho bakin baranda, aka sa masa rimot a hannu, Prabin ya ɗora babban yatsansa a kan madanni. Jirgi ya tashi. Tsoho ya miƙa wuya yana bin shuɗin da ido, bakinsa a buɗe.

"Tashar babu wuta," in ji wata gwaggo. "Kowace shekara ai da fitilunta muke kallo."

Fitilun tashar daga dogo suke shan wuta. Manju ta tambayi ƙaninta ko ta kunna tiransifoma.

"Kunna, Yaya. Jirgin ba ruwansa da dogo yanzu."

Tsoho ya buɗe baki, amma Manju ta riga ta danna.

Jirgin yana kan gada. Ya yi wata girgiza ya tsaya. Hayaƙi ya fito daga tarago, mai wari, ba irin na wasa ba. Kafin Prabin ya tsallake furanni ya isa, batirin ya kama, wuta ta lashe ɗakin direba. Da aka zuba ƙasa aka kashe, fentin ya kumbura, katako ya zama gawayi, injin da aka naɗa da hannu ya narke ya dunƙule.

Prabin ya ɗaga abin da ya rage na katakon ƙasan tarago. Ga wayoyi biyu nan kwance, baƙi ƙirin. Ya tsaya riƙe da su, ya kasa juyowa.

Tsoho ne ya ce, "Lokacin sa albarkar tika yana wucewa. Ku zo."

Aka jeru babba da yaro, kowa ya durƙusa a gabansa, tsoho ya liƙa masa jar shinkafa a goshi ya sa masa albarka. Prabin ne ƙarshe a cikin 'ya'ya. Hannun tsoho ya ɗan laluba kafin ya sami goshin.

"Baba, abin da kake son gaya mini ke nan."

"Shi ne."

"Me ya sa ba ka tsawata mini ba?"

"Ka ce fanninka ne, Auta. Na ce to, wataƙila ka ga abin da ni na daina gani."

Ya danna shinkafar a goshinsa, ya yi masa addu'ar tsawon rai kamar kowace shekara. Da ya zage shi a gaban dangi, da ya fi wa Prabin sauƙi.

Daga ranar, kowace Asabar Prabin yana hawowa daga Siliguri. Injin irin wannan ba a sayar da shi a kasuwa, sai an naɗa. Digirinsa kuma bai koya masa naɗi ba. Sai ya zauna a ƙasa, tsoho a kujera, yana tambaya yana jiran amsa har ƙarshenta. Tsoho ya shafa naɗin da yatsa ya ce, "Ya yi sako-sako, warware." Ya warware. Sau shida suna sakewa.

Kafin ya sa sabon batir, sai da ya kwance jirgin ƙusa bayan ƙusa, yana tambayar mahaifinsa aikin kowace waya. Ashe tarihin da ya ƙi saurara bai fi na minti biyu ba.

Wata goma sha ɗaya aikin ya ɗauka. Idon tsoho ya rufe a na bakwai.

Dashain na gaba aka sake fito da kujera. Prabin ya sa masa rimot a hannu. Jirgi ya tashi da sabon fenti, ya haye gada, ya sha kwana, ya wuce tasha da fitilunta suna ci, ba abin da ya same shi. Tsoho ya karkata kai yana bin ƙarar ƙafafun da kunne.

"Tafiyar ta yi daidai," ya ce. "Auta, fitilar gaban fa? Tana ƙifta ido a kwana?"

"Ba ta ƙiftawa, Baba. Tana ci tar."

"Shuɗin irin na da ne?"

"Irinsa ne sak."

"To madalla. Kai ka kalla mini."

Prabin ya kalla, amma bai ga komai sosai ba. Zagaye ɗaya da rabi kaɗai mahaifinsa ya samu ya gani da idonsa a bikin bara, kuma ya san wanda ya cinye sauran.

Darasi: Komai iliminka, idan wanda ya gina abu da hannunsa ya ce bari in nuna maka, ajiye kayan aikinka ka bar shi ya kai ƙarshen maganarsa. Abin da ya ƙone ana iya sake shi, amma lokacin da ya rage wa iyayenmu ba ya jiran mu gama gyara kuskurenmu. Ku tura wannan labari ga duk wanda kuka san yana katse tsohonsa da "na sani", tun yana da damar saurara.