Sunan Da Tasalla Ba Ta Kira Ba

Ku gyara zama. Kai Barau, bar tauna min rake a kunne! Magana na kawo muku wadda ni kaina ta hana ni sakat.

A wani gari an yi wani yaro, Ukasha, ɗan farin wata mata mai suna Tasalla. Yaron nan komai shigarsa yake yi. Kwano ya faɗi, sai ya zabura. A tsawata wa ɗan maƙwabta, shi zai wuni yana hawaye. Ko fuska ka ɗan canja, ya gani. Uwar kuwa, kun san kunyar ɗan fari: ba ta kiran sunansa sai dai "kai yaro", ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, in ya raɓe ta sai ta kau da kai. Yara nawa suka tashi a haka ba abin da ya same su? Shi kam abin ya ci shi. Da aka haifi ƙanwarsa, ya ga ana yi mata rawa da kirari, sai ya daina magana, ya daina cin abinci, ya rame har ana ganin haƙarƙarinsa. An je asibiti, aka ce ba a ga ciwo ba. Wallahi abin tausayi.

Kakarsa ta wajen uba, Iya Kulu, ba ta tambaye shi komai ba. Zama ta yi kusa da shi tana tsokana: "Angon nawa fushi yake da ni ne? To zan nemi wani mijin mai cin tuwo." Yau da gobe, har ran nan ya buɗe baki ya ce, "Iya, me na yi wa Inna? Ko sunana ba ta sani ba." Sai a ranar aka san inda ƙayar ta soke shi.

Uban ya ji, ya ce shirme, wannan in ba shagwaɓa ba ce to iska ce. Ya shirya kai shi ƙauye a yi masa turare, a haɗa da bulala. Yayar uban, Gwaggo Uwani, wadda ta yi karatun halayyar ɗan Adam, ta tare ƙofa ta ce ba inda yaron nan za shi. Ta ce akwai yaran da aka halitta haka, abin da ya taɓa wasu kawai, su kam huda su yake yi. Ba cuta ba ce, ba iska ba ce. Tsawa karya su take, amma in suka samu kulawa sun fi kowa morarta. Aka yi baram-baram, ƙaninta ya daɗe ba ya gaishe ta, amma tafiyar dai an fasa.

To amma bayani ba ya cika ciki, yaro har yanzu bai ci ba. Tasalla kuwa mace ce da ake misali da kunyarta a unguwa. Da rana tsaka, surukarta da dangin miji cike da tsakar gida, ta fito da kwanon fate, ta ce, "Ukasha. Ukasha, zo ka ci." Ta san gobe za a sa ta a bakin duniya, an kuwa sa ta, har da masu cewa ta zubar da tarbiyyar gidansu. Yaron ya daɗe yana kallonta, sannan ya taso ya hau cinyarta, ya cinye fatensa tas, ya miƙa kwano a ƙara masa.

Ni dai na juya maganar nan har na gaji, na kasa rabewa. Tsakanin kakar da ta sa ya faɗi damuwarsa, da gwaggon da ta tare ƙofa, da uwar da ta karya kunyarta ta kira shi, wace ce a cikinsu ta ceci ran Ukasha?