Jar Ƙasa a Buhun Gero

An ruwaito a tsofaffin littattafai cewa a zamanin Sarki Alwali na Birnin Zarnu, fara ta cinye amfanin gonar mutanen Tumbal, wata ƙasa a hayin kogi, shekara uku a jere. Sarki ya riƙa aika musu da gero ta hannun wani madugu, Nomau. Kafin buhu ya bar gari sai ya bi ta gida uku: na Sarkin Hatsi, na Ma'aji, da na Waziri Sambo. Amma labari bai daina zuwa ba cewa yunwa na kashe mutane a can.

Ran nan a fada Waziri ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, hannuwa sun yi yawa. A janye gida biyu, a bar sadakar a hannuna, a kuma binciki mai kai ta."

Nomau na nan zaune a fadar. Ya lura waɗanda za a janye ɗin ko gezau ba su yi ba, har gyaɗa kai suke. Ya ce a ransa, an riga an ƙulla wannan a wani zaure.

Sarki, wanda bai yarda da ko ɗayansu ba, ya ce, "Madugu, ina geron ke shiga?"

Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe, sai dai in faɗi abin da na gani. Bara a Tumbal wata tsohuwa ta tare ni, ta kwance buhunta ta sheƙe shi a gabana. Kusan rabi ƙasa ce. Ta ce, 'Ɗana, jikoki biyu na rasa a watan nan. Ka gaya wa sarkinku mun gode, amma ƙasa muna da ita.' Na ɗebi ƙasar na duba, ja ce. Daga ƙofar birni kuwa har Tumbal, tafiyar kwana goma sha biyu, farin yashi ne."

Kowa a fada ya san jar ƙasa a bayan rumbunan sarki take.

Sarki ya ce, "Me ya hana ka faɗa tun bara?"

"Na faɗa wa Waziri, ranka ya daɗe."

Nan take Sarki ya tuɓe su ukun. Ya yi umarni a riƙa ɗura gero a ɗinke buhu a tsakiyar kasuwa, a idon jama'a. Ya ba Nomau riga da rawani, ya damƙa masa aikin. Sannan ya ƙara da cewa duk shekara mutanen Tumbal su zaɓo nasu dattijo, ya zo ya gana da sarki, ba tare da madugu yana wurin ba.

Nomau ya sunkuyar da kai, ya gane har shi ma ba a sakar masa ragama ba, ya kuma san daidai ne. Masu ruwaya suka ce abin lura a nan shi ne, duk sarkin da ke ciyar da mutanen nesa, ya bar musu hanyar da maganarsu za ta iso kunnensa.