Rigar Auta a Shagon Gwaggo

Akwai wani mutum, ya ku mabiya wannan shafi, da kowa ke kira Mai Guga. Shagon wanki da guga gare shi, kuma ya daɗe ba shi da na biyu a unguwarsu.

Tun da ɗansa Auta ya rasu, mutumin ya zama kamar ba shi ba. Bai yi kuka a gaban kowa ba. Yana buɗe shago, yana rufewa, yana cin abin da aka ajiye masa ba tare da ya san me ya ci ba. Matarsa, wadda a da yake kira Maman Auta, sai dai ya ce mata "ke".

Ita kuwa matar, akwai wata farar riga ta Auta da ta naɗe a cikin leda, ta sa a ƙasan sif. Ita ya cire ranar da aka kai shi asibiti, kuma ba a wanke ta ba. Mai Guga ya san da rigar. Bai taɓa tambayar dalilin ajiye ta ba.

Ana nan sai wata mata da ake kira Gwaggo ta buɗe shagon wanki mai shuɗin fenti a layin baya. Sannu a hankali masu kawo wa Mai Guga kaya suka fara komawa can.

Bai yi fushi ba. Ya zauna ya tsara bincike, daki-daki. Ya gano farashinta na riga, na wando da na bargo, ya rage nasa. Ya ga tana sa kaya a leda mai kauri, ya sayo irinta. Ya ji tana fesa turare, shi ma ya fesa. Ya lura da lokacin da take buɗewa, ya riƙa riga ta. Duk da haka mutane ba su dawo ba.

Dogo, daɗaɗɗen ma'aikacinsa, ya ɗago dutsen guga ya ce, "Maigida, saura mu shafa shuɗin fenti, mu ɗaura ɗankwali. Ni dai a zaɓo mini mai fure."

Mai Guga bai yi dariya ba. Ya ce, "Akwai abin da take yi wa kayan da ban gani ba. Sai na kai mata wanki da kaina."

Sai dai akwai matsala. Duk tufafin gidansa suna ɗauke da alamar shagonsa, wadda ake rubutawa da tawada a cikin wuyan riga. Gwaggo na gani za ta gane ɗan leƙen asiri ne. Riga ɗaya ce tak a gidan da ba ta taɓa shiga shagonsa ba.

Da safe, matarsa na tsakar gida, ya buɗe sif ya ɗauke ta. A ransa ya ce riga ce kawai, za ta ma dawo da tsabta.

A shagon Gwaggo idonsa na kan allon farashi da kantoci. Ta warware rigar a kan tebur, ta duba wuya, ta duba hannu.

"Baba, ta wane ne? Wannan ai ba za ta shige ka ba."

"Wanki na kawo, ba hira ba."

"To, ko akwai tabon da kake so a cire?"

"A wanke, a goge. Yaushe zan dawo?"

"Gobe da yamma, in Allah ya kai mu."

Ya fito yana cewa a ransa: ashe surutu ne kawai sirrin nata.

Da ya koma gida cin abincin rana, ya tarar da sif a buɗe, kaya a zube a ƙasa. Matarsa na zaune a bakin gado, ledar da babu komai a ciki tana kan cinyarta.

"Baban Auta, ina rigar?"

"Na kai wanki. Gobe za a karɓo."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta shafa ledar, ta ninke ta, ta sake ninkewa.

"Ƙamshin jikinsa na nan a wuyanta. Shi kaɗai ya rage mini. Muryarsa ma ta fara ɓace mini."

Ya tsaya a bakin ƙofa. Shi da ya ƙare rayuwarsa yana raba tufafi da warin masu su, ya fi kowa sanin abin da sabulu da ruwan zafi ke yi. Ya kuma san a shagonsa fararen kaya ake fara jiƙawa, tun kafin rana ta yi tsaka.

Ya juya ya fita. Bai yi gudu ba, domin bai ga amfanin gudun ba. Ƙafafunsa dai suka kai shi.

A bayan shagon Gwaggo fararen riguna na shanye a kan igiya, suna ɗigar ruwa. Ya bi su da ido ɗaya bayan ɗaya.

"Mai Guga, shigo mana," in ji Gwaggo. "Ko yau ma farashin ka zo dubawa? Ai bai canza ba tun safe."

"Kin san ni?"

"Haba, mutumin da ke tsayawa a gindin falwaya kullum yana karanta allona? Har na so in aiko maka da kujera."

Ya ce, "Rigar da na kawo..."

Ta miƙa hannu saman kanta, ta sauko da ita a cikin sabuwar leda, an ɗaure bakin. Ba ta taɓa ruwa ba.

"Rigar saurayi ce, ninkinta ya daɗe, kuma an sa ta kafin a ajiye. Na tambaye ka, ka ƙi amsawa. Ni kuwa kayan da ban san labarinsu ba, ba na gaggawar jiƙa su. Wanki ba ya komawa baya. Na ce in ka dawo gobe zan sake tambaya."

Ya karɓa da hannu biyu. Ya nemi ya biya, ta ce me aka yi da za a biya.

A gida ya ajiye ledar a cinyar matarsa. Ta kwance ɗaurin a hankali, ta kai wuyan rigar hancinta, ta daɗe a haka. Sannan ta miƙo masa.

Ya sunkuya ya shaƙa. Ya zauna a ƙasa, kusa da ƙafarta.

"Maman Auta," ya ce, "yana nan."

Washegari wani dattijo ya kawo tsohuwar kwat shagonsa. Dogo ya miƙa hannu zai jefa ta cikin kwandon wanki, Mai Guga ya riƙe shi. Ya shimfiɗa ta a kan tebur, ya dubi mai ita, ya ce, "Yallaɓai, ta wane ne?"

Darasi: Sanin farashin abokin gasarka da irin kayan aikinsa abu ne mai kyau, kuma ɗan kasuwa mai tsari ba ya raina shi. Amma abin da ke jan mutane zuwa wani shago sau da yawa ba a rubuce yake a allo ba: kulawa ce da wanda ya shigo, da abin da ya riƙo. Wanda ya zuba wa maƙwabci ido har ya daina ganin na gabansa, zai iya rasa abin da babu shagon da ke sayar da shi. Ku tura wannan ga duk mai sana'ar da kuka sani, musamman wanda ya daɗe bai tambayi mutanen gidansa abin da ke ransu ba.