Kurege da Ɗakin Taƙi Huɗu

Ga ta nan, ga ta nanku, 'yar ƙarama ce amma da kaya a cikinta.

Ta zo mu ji ta, ma samar mata wurin zama.

To ku gyara zama. Wanda ya ba ni wannan ya daɗe da kwantawa dama, Allah ya ji ƙansa, don haka yadda na karɓe ta haka zan ba ku, ba ƙari ba ragi.

A wani gari, zamanin da dabbobi ke noma, Kurege yana da babban gida, da zaure da ɗakuna uku da rumbu a tsakar gida. Ya fi kowa iya noman gyaɗa, ya kuma fi kowa son cin ta. To kun san al'ada: in kana cin abinci wani ya yi sallama, dole ka ce masa bismillah, shi kuwa in mai kunya ne sai ya ce ya ƙoshi. Mutanen garin nan ba su da kunyar ko kaɗan. Da zarar Kurege ya soya gyaɗa ya zauna, sai ka ji "Salamu alaikum." Kura ce. Kafin ta gama zama, "Salamu alaikum." Bunsuru ne, kuma da abokinsa ya zo. Kurege ya ce bismillah, ya ce bismillah, ya ce bismillah, sai ya duba akushi ya ga ɓawo.

Wata shekara gyaɗa ta yi kyau ƙwarai. Matar Kurege kuwa, wadda 'yar Bushiya ce, ta tafi gidan uwarta goyon ciki. Kada ku tambaye ni yadda aka yi kurege ya auri 'yar bushiya. A lokacin ba a yin irin wannan tambaya. Kurege ya tsaya gaban tsibin gyaɗarsa, ya rantse bana ko ƙwaya ɗaya ba za ta shiga bakin wani ba. Amma daina cewa bismillah ba zai yiwu ba, sunansa zai ɓaci a gari. Ya yi tunani, ya yi tunani, sai ya yi tsalle ya ce, "Al'ada ta ce ka ce wa baƙo ya shigo. Ba ta ce ƙofarka ta ishe shi ba!"

Sai ya tafi wurin Zanzaro, wanda ya fi kowa iya ginin laka, kuma ba ya cin gyaɗa.

"Sarkin magina, ɗaki nake so."

"Mai ɗaukar mutum nawa, maigida?"

"Ni."

"Da wa?"

"Da ni."

Zanzaro ya ɗauki tsinke ya auna Kurege a tsaye, ya auna shi a kwance, ya ce ya naɗe jelarsa ya sake aunawa. Kwana shida yana aiki. Ɗakin ya fito taƙi huɗu a faɗi, taƙi uku a tsayi, da taƙin hannun babban mutum. Tubalinsa kamar 'ya'yan kanya. Jinkarsa tsohuwar malafa ce. Tagarsa wuyan fasasshen tulu. Ƙofar faifai ce: in za ka sheƙe gyaɗa ka cire ta, in ka gama ka mayar. Akushi, in ka kife shi, ya zama kujera. Tukunya tana sama a ragaya. A jikin bango ya yi alkuki bakwai, na gishiri daban, na barkono daban, na allura da zare daban, sauran ma kowanne da abin da aka yi shi dominsa. Ya sa kara ya zama indararo, ruwan sama na bi ta ciki ya sauka cikin randa kai tsaye. Babban abin kuwa gado ne. Zanzaro ya haƙa rami mai zurfi a ƙasa, ya shafe shi sumul, ya ɗora gadon kara a bakinsa. Gadon shi ne murfi, ramin shi ne rumbu.

Zanzaro ya ja da baya ya dubi aikinsa ya ce, "Maigida, babu yatsa ɗaya da ke zaman banza a ɗakin nan. Ko lungu ban bari ba."

Yanzu ba a samun irin waɗannan magina. Sun tafi da hannunsu.

Ranar kasuwa, da gari ya watse, Kurege ya kwashe gyaɗarsa kaf ya zuba a ramin, ya rufe da gado, ya tare. Washegari da hantsi ya soya, ƙamshi ya bi gari.

"Salamu alaikum."

"A'a, Kura ce? Bismillah, ƙofa a buɗe take!"

Kura ta durƙusa ta cusa kai. Hancinta kaɗai ya shiga.

"Ɗan'uwa, ai ban ga hanya ba."

"Ga ta nan gabanki. Ki ɗan rage kafaɗa mana."

Kura ta yi nishi, ta yi nishi, ta tafi tana haɗiyar miyau. Sai ga Bunsuru.

"Bismillah, ƙofa a buɗe take!"

Ƙahonninsa suka tokare. Kurege ya ce, "Ka ajiye su a waje ka shigo, ba mai ɗauka. Warinka ma ai ya riga ka, har ya zauna."

Haka aka yi ta yi. Kurege ya ce bismillah da murya mai daɗi, ya ci gyaɗarsa shi kaɗai, ya miƙe a gado yana jin ta a ƙarƙashinsa. Har ya yi ƙiba, gashinsa ya riƙa sheƙi.

Rannan da safe, ya sa hannu zai ɗaga gado ke nan, sai ya ji wata siririyar murya.

"Salamu alaikum."

Bai ko duba ba ya ce, "Bismillah, ƙofa a buɗe take!"

Sai wani abu ya dunƙule ya gangaro ciki kamar ƙwallon goruba, ya warware a tsakiyar ɗaki. Bushiya ce, surukuwarsa, da ɗan ƙunshinta. Kurege ya zube ƙasa ya sunkuyar da kai.

"Iya, sannu da zuwa. Sannu da hanya. Ina mutanen gida?"

"Lafiya lau, ɗan nan. Yarinyar ta sauka, an sami namiji. Na ji an ce ka yi sabon ɗaki, na ce bari in zo in ga inda za su dawo."

Kurege ya yi murna, murnar gaske, har ya manta ya juya zai yi rawa, ƙayarta ta soke shi a cinya. Ya haɗiye ihu. To ina za a zaunar da surukuwa? Ba a ba ta kifaffen akushi. Wuri mai daraja ɗaya ne a ɗakin. Bushiya ta hau gado ta gyara zama.

"Yaya gyaɗar bana, ɗan nan?"

Bakin Kurege ya riga hankalinsa. "Ai Iya, bana sai haƙuri. Ƙwari sun cinye."

"Allah sarki. Kada ka damu da ni, na zo da guzurina."

Ta dubi alkuki, ta dubi ragaya, ta taɓa faifai, komai ya burge ta. Ta ce ɗakin nan ya yi mata daɗi, za ta ɗan kwana biyu ta huta.

To ga Kurege, ga gyaɗarsa a ƙarƙashin surukuwarsa. Ba ya iya ce mata ta tashi. In ma ta tashi, ya riga ya ce babu. In ma akwai, ɗan mutunci ba ya cin abinci a gaban surukuwa. A babban gida sai ka zaga bayan ɗaki ka cika baki ka dawo. A nan kuwa ina za ka zaga? Ko lungu ba a bari ba. Ita Bushiya lungunta a jikinta yake: in yunwa ta kama ta sai ta dunƙule da ƙunshinta, Kurege ya riƙa jin ƙurus, ƙurus, daga ciki. In ta warware ta ce, "Ɗan nan, ga ɗan dambu." Shi kuwa ya ce, "Alhamdu lillahi, Iya, a ƙoshe nake." Cikinsa ya yi ƙugi. Ta ce, "Hadari ne?" Ya ce, "Da alama."

Ya fita ya nufi gidan Kura ko zai dace. Kura ta leƙo ta ce, "Mu ai mun gama tun ɗazu. Ka koma, ƙofarka a buɗe take."

Aka kwana, aka tashi. Aka kwana, aka tashi. In ya juya dama, ƙaya. In ya juya hagu, ƙaya. Bushiya kuwa ko motsin sauka ba ta yi.

A rana ta uku ya ce, "Iya, bari in duba bayan ɗaki, na ga kamar bango ya tsage." Ya zaga baya ya fara haƙa. Ya haƙa, ya haƙa, ya karkata, ya huda bangon ramin, gyaɗa ta zubo masa a fuska. Ya ci, ya ci, ya ci. Da wannan gefen ya ƙare ya ƙara faɗaɗa hanya, ya ci gaba. Bai lura ba ƙasar da yake kwashewa ita ce ke riƙe da bakin ramin. Ya cika kumatunsa dama da hagu ke nan, sai ji kake rugum! Gado ya rufto, Bushiya ta faɗo a kan tsibin, ta mirgina, ta tashi kowace ƙaya da gyaɗa a tsire.

Suka dubi juna.

"Ɗan nan, wannan fa?"

Kurege ya zubar da abin da ke bakinsa a tafin hannu, a hankali, kamar mai ajiye kayan wani.

"Iya, kin tona min asiri. Ɗakin ƙasa nake haƙa wa mai jego da jariri, mai sanyi, na so sai na gama ku gani. Ina cikin haƙa sai na tarar da wannan tarkace ya cika wurin. Shi nake kwashewa da baki, tun da hannu na aiki."

Bushiya ta rafka guɗa. "Kai, Allah ya yi maka albarka! Ashe tsohon rumbun wani ka haƙo! Amma wannan aiki ya fi ƙarfin mutum ɗaya." Kafin ya buɗe baki ta haura, ta gangara waje tana kira, "Jama'a, gayya! Surukina na gyara wa jikana ɗaki!"

Ba a taɓa amsa gayya da sauri irin na rannan ba. Kura ce ta fara isowa, Bunsuru na biye da abokansa uku. Cikin 'yan aikin Kurege kaɗai ramin ke ɗauka, don haka shi ke miƙowa, su suna tarawa a fili. Mai gayya kuwa shi ke ciyar da 'yan gayya, kuma fili ba shi da ƙofa. Bushiya ta hura wuta ta hau suya. Ta ce, "Ɗan nan, ka yi musu magana mana." Kurege ya leƙo daga rami, ya ce bismillah da wata murya kamar ta mai ciwon haƙori.

Amma Kurege Kurege ne. In ya miƙa ƙwarya ɗaya sama, sai ya cika kumatu ya bi ta hanyar da ya haƙa, ya ɓulla bayan ɗaki, ya ruga ya binne, ya dawo. Ya binne a gindin danga, ya binne a bakin gona, ya binne a nan, ya binne a can. Kafin la'asar rami ya zama fanko, 'yan gayya sun ƙoshi har suna waƙa, shi kuwa ya tsirar da fiye da rabi.

Zanzaro ya zo ya shafe ɗakin ƙasa, ya yi masa matakala uku da ɗan alkuki na kayan jariri. Mai jego ta dawo da ɗanta, ta ga ɗaki sama da ƙasa, ta ce duk garin ba wadda ta kai ta miji. Kurege ya ɗauki yaron ya ga kumatunsa irin nasa ne sak, ya yi ta dariya.

Da ƙura ta lafa ya fita tono abinsa. Ya tsaya a gindin danga. Wace dangar? Ya tona nan, babu. Ya tona can, ƙwaya biyu. Cikin sauri ya binne, bai sa alama ko ɗaya ba. Yana cikin nema damina ta sauka. Gyaɗa ta tsiro a bayan gidan Kura, ta tsiro a gonar Bunsuru, ta tsiro a kan hanyar rafi, ta tsiro har a ƙofar gidan Bushiya. Gari ya taru ya zo godiya. Aka ce ba a taɓa ganin mai kyauta irin Kurege ba, wanda ke shuka wa mutane a ɓoye don kada a gode masa. Maroƙa suka sa shi a waƙa. Kurege ya tsaya a ƙofar ɗakinsa yana amsa gaisuwa, hawaye na zuba, kowa na cewa dubi tawali'u.

Shi ya sa har yau in kun ga kurege na tono a gonar gyaɗar wani, kuka kore shi, sai ya tsaya daga nesa a kan ƙafa biyu yana kallonku. Ba tsoro ba ne. Mamaki yake yi yadda ake korar mutum daga kan kayansa.

Ƙurunƙus, kan ɓawon gyaɗa. Wanda zai ɗora gadonsa a kan abincinsa, ya fara tambaya ko surukuwarsa mai daɗewa ce in ta zauna.