Daraktan da Ya Yanke Amininsa

An yi wani mutum, daraktan fim, wanda ya ba ƙanwarsa umarni ta ƙi bi. Ita ce mai tace masa hotuna a kwamfuta.

"Cire min direban nan. Duk inda ya buɗe baki, yanke."

"Yaya, ba zan yanke ba. Wannan ba gyara ba ne, hassada ce."

Ya 'yan uwa, fim ɗin na shaguɓe ne ga 'yan siyasa. Ɗan takara yana saman mota yana zuba alkawari, direbansa yana ƙasa yana tona masa asiri da baƙar magana. Wanda ya fito a direban kuwa aminin darakta ne tun suna yara. Ranar da aka haska fim ɗin don gwaji, mutane suka yi dariya har da hawaye, suka yanyame aminin. Darakta yana tsaye a bakin ƙofa wani ya miƙo masa waya ya ce, "Malam, ɗan ɗauke mu hoto da shi."

Daga ranar nan abinci ya daina yi masa daɗi.

Da ƙanwar ta ƙi yankewa, ya kore ta daga ofis, ya goge sunanta daga fim ɗin, ya zauna da kansa yana yanka. To, in ka cire mai ba'a, me ya rage? Jawabi da tafi. Fim ɗin ya koma talla. Wata jam'iyya ta saye shi tana haskawa a wajen kamfen. Mutumin da ya sha rantsuwa ba zai zama maroƙin ɗan siyasa ba, sai ga shi da hular jam'iyya yana washe baki.

Zaɓe na wucewa suka daina ɗaga wayarsa. 'Yan wasa suka guje shi, masu kallo suka yi masa suna Ɗan Amshi. Har kyamararsa sai da ya sayar.

Haka hassada take, 'yan uwa. Ya so a daina kallon amininsa, sai ga shi shi aka daina kallo.

Ƙanwar fa? Kada a ce muku gaskiya kyauta ce. Ta rasa aikinta, dangi suka ce ta cika girman kai, kuma har yau in ta gaishe da yayanta ba ya amsawa. Ba ta fasa gaishe shi ba, ba ta kuma ce ta yi kuskure ba.

Allah ya wanke mana zukata, ya kiyaye mu.