Layin da Mai Makulli Ya Karanta

Akwai wani ma'aikacin ɗakin kati a asibiti, ana ce masa Mai Makulli. Shi ya raɗa wa kansa sunan. Makulli tara ne a ƙugunsa, biyu kawai ke buɗe wani abu. Kullum cewa yake, "Sirrin garin nan kaf a cikina yake, ko matata ba ta taɓa jin tari ba."

Sai masu bincike suka zo. Suna haɗa bayanan asibitoci huɗu wuri guda, na haihuwa, na gwajin jini, na magani, don gano abin da ke sa mata zuwa asibiti a makare da ciwon daji. An cire sunaye, an sa lamba. Doka ɗaya aka ba ma'aikata: kada komai ya fita daga ɗakin nan.

Shi kuwa ya ɗauki hoton allon kwamfuta a wayarsa. Don nuna isa kawai.

Ran hutu an taru a falon mahaifiyarsu, har da yayarsa tela tana ɗinka maɓalli a gefe. Mijin ƙanwarsa, abokin tsokanarsa, ya ce, "Ni dai na hana matata sa hannu a takardar amincewa da binciken nan naku. Ku da bakinku ba ya rufuwa ko kuna barci?"

"Kai ƙauye ne ke damunka," in ji Mai Makulli. "Babu suna fa. Tsaya ka ji, in ka isa ka gane ko wace ce."

Ya zaro waya, ya gyara murya kamar mai karanta labarai.

"Lamba dubu uku da sha ɗaya. Mace. Shekara arba'in da shida. Tela. Haihuwa biyar, ta ƙarshe tagwaye, da tiyata. Ciwon daji na mama, ya bazu zuwa ƙashi." Ya yi dariya. "To malam, wace ce?"

Babu wanda ya taya shi.

Mama ta ajiye kofinta a hankali. Ba shi take kallo ba. Babbar 'yarta take kallo, wadda ta rame tun bara tana cewa aikin keken ɗinki ne.

Allurar ta tsaya a hannun Yaya.

"Mota biyu nake hawa zuwa wani asibitin daban," ta ce, murya ƙasa-ƙasa. "Don kada katina ya bi ta hannunka. Da suka kawo takardar na sa hannu, na ce ko wata ta tsira. Sun ce min babu wanda zai sani."

"Yaya, wallahi ban san..."

"Na san ba ka sani ba, ƙanena. So nake tagwaye su gama jarabawa, in gaya wa Mama da bakina. Shi kaɗai ya rage min, shi ma ka karɓe."

Tagwayen na tsaye bakin ƙofa da tiren shayi. Sun ji komai.

Mai Makulli ya rasa inda zai sa wayar. Mama ta ce, "Karanta min kuma. Har ina ka ce ciwon ya kai?"

Darasi: Cire suna ba ya ɓoye mutum ga wanda ya san shi. Marar lafiya ya ba da bayanansa ne don a ceci wasu, amana ce, ba abin hira ba. In aikinka ya haɗa ka da katin mutane, bar shi inda aka ce ka bar shi. Ku tura wa duk wanda kuka sani a asibiti, har da mai shara.